Agogon da Ke Bin Zuciyar Ba-Wuya

A wani layi mai shaguna goma sha biyu da makarantar firamare guda, an yi wani mai rubutun allunan talla da ake ce wa Ba-Wuya. Bakinsa ne ya raɗa masa sunan. Ka ce masa likitoci sun buɗe ƙirjin mutum sun gyara sun rufe, ya ce ba wuya. Ka ce jirgi ya tashi da mutum ɗari uku, ya ce ba wuya, shi ma don dai hidima ta yi masa yawa ne. A faɗi gaskiya hannunsa yana da kyau, in ya rubuta "Ana Aski" ko mai sanƙo sai ya ji sha'awar shiga. Amma shi rubutun allo ya fita daga ransa. A ganinsa babban mai fasaha ne da duniya ta yi sakaci ta bari yana yawo da gwangwanin fenti yana rubuta "Kada A Zuba Shara A Nan".

Shekara uku yana aika wasiƙa zuwa gidan baje kolin zane-zane na garin, ba amsa. Rannan sai ga amsa daga matar da ke zaɓen ayyukan da za a nuna. Ta ce za ta zo ranar Alhamis, daga sha ɗaya na safe zuwa sha biyu, ta ga babban aikin nan nasa a kan lokaci. In ya yi mata, za a ba shi ɗaki guda a bajen kolin bana. In bai yi ba, ya daina aiko wasiƙa.

Matsalar dai ita ce babu aikin. Ranar da ya rubuta wasiƙar ƙarshe a shagon yayansa yake zaune, agogo ne abin da idonsa ya fara sauka a kai, shi ya sa ya ce a kan lokaci ne.

Yayan nasa mai gyaran agogo ne, mutum mai ƙarancin magana, shekararsa talatin a shago ɗaya. A tagar gilashin shagon akwai wani ƙaton agogon katako mai lilo, wanda duk layin da shi suke rayuwa. Mai burodi da shi yake fitar da burodi daga tanda. Hedimastan makarantar da ke tsallaken titi shi yake leƙowa kafin ya kaɗa ƙararrawa. In wayar mutum ta saɓa da agogon nan, wayar ake gyarawa, kuma ba a taɓa yin nadama ba.

To, a makon ne aka sa wa Yaya ranar cire masa yanar ido. Ga Ba-Wuya, abin nema ya samu. Da safiyar Litinin Yaya ya miƙa wa ƙanin nasa mabuɗai, matarsa na tsaye riƙe da jakar asibiti.

"Ka buɗe, ka share, ka rufe," in ji Yaya. "Wanda ya zo karɓar agogonsa ka ce ya dawo Juma'a. Na taga kuwa wani kawai za ka yi masa da safe, ka murɗa mabuɗinsa juyi bakwai."

"Ba wuya, Yaya."

"Wannan kalmar ce ke tayar min da hankali. Alhamis da rana zan dawo."

Motarsu ba ta gama shan kwana ba Ba-Wuya ya naɗe hannun riga. Agogon mutane talatin da takwas ne a shagon, na bango da na tebur, duk an gyara su suna tafiya kai ɗaya. Kafin hantsi ya raba kansu. Wannan ya ɗaure wa lilonsa cokali har ya koma tafiyar tsohuwa, wancan ya matse shi ya kama gudu, wani ya sa masa batir mai shirin mutuwa. Sannan ya zauna ya rubuta wa kowanne suna da kyakkyawan rubutunsa: "Awar Mai Jiran Likita", "Awar Mai Ciwon Haƙori", "Awar Hira", "Ranar Hutu".

Matar Ba-Wuya ta kawo masa abinci, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bango.

"Baban yara, me ya sami agogunan Yaya?"

"'Yanci suka samu. Ke yanzu in kina jirana in dawo daga aiki, awa guda ba ta yi miki kamar shekara?"

"A'a. Ina samun wanki na yi."

"To, in muna hira fa, ba ta wucewa kamar ƙiftawar ido?"

"In kai ke maganar, wannan ce ke kama da shekara."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya bayyana mata cewa agogo babban maƙaryaci ne, yana cewa duk awoyi tsawonsu ɗaya alhali kowa ya san ba haka ba ne, kuma shi ne mutum na farko da zai tona masa asiri. Ta ce Allah ya taimaka, ta tambaya ko Yaya ya sani. Ya ce Yaya makaniki ne, shi kuwa mai tunani ne, ba a haɗa su a magana ɗaya. Ta ce ya dai ajiye mata kwanonta inda fenti ba zai taɓa ba, ta tafi.

Da ya tsaya nan da abin ya zo da sauƙi. Amma ranar Talata da safe, yana yi wa babban agogo wani, sai ya ga aikin nasa duk ƙananan abubuwa ne, babu uban tafiya. Nan take dabara ta faɗo masa. Agogon taga zai zama "Lokacin Zuciya". Daga yau zuciyar mai fasaha zai riƙa bi. In Ba-Wuya ya ƙosa, ya tura dogon hannun gaba. In yana jin daɗi, ya jawo shi baya. Shi kuwa wayarsa na aljihu tana riƙe masa lokacin gaskiya, don ko mai fasaha ba ya wasa da ranar Alhamis. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa, don kada a sace masa basira.

Wajen tsakar rana yunwa ta taso masa, abinci bai iso ba. Ya ƙosa. Ya buɗe gilashin ya tura hannun agogo gaba da minti arba'in.

Bai rufe gilashin da kyau ba ya ji ƙararrawar makaranta. Yara suka ɓarke daga aji kamar an buɗe wa kaji akurki, malamai na biye da su riƙe da alli suna duban juna. Mai burodi ya leƙo, ya dubi taga, ya ruga ciki. Jim kaɗan ya fito da faranti cike da burodi fari fat, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna.

"Wannan fulawar ta bana ba ta da albarka," ya ce wa Ba-Wuya. "Minti talatin cif na ba shi, ka duba."

"Wataƙila burodin ne bai ji minti talatin ɗin a jikinsa ba," in ji Ba-Wuya, yana shafa gemu.

"Kai dai ka cika surutu."

Da yamma mai aski ya zo suka zauna hira, ya yaba wa rubutun da ke jikin agogunan. Daɗi ya kama Ba-Wuya, yana shiga ciki ya maido da minti arba'in ɗin, ya ƙara da ashirin na godiya. Burodin yamma ya fito baƙi ƙirin, hayaƙi har cikin shagon tela. Mai burodi ya tsaya a tsakiyar titi riƙe da ƙugu yana yi wa tandarsa faɗa, ya ce shekara goma sha biyar suna tare, yau da safe ta yi masa rowa, da yamma ta yi masa mugunta.

Abin da ya fi ba Ba-Wuya mamaki shi ne ba wanda ya zargi agogon. Hedimasta ya ce iyayen yara ne suka lalace, jiya sun makara zuwa ɗaukar 'ya'yansu, yau sun yi sammako. Da ladan ya kira salla agogo na nuna da saura, aka ce tsufa ya fara taɓa shi. Da rediyo ya karanta labarai kafin lokaci, tela ya ce dama 'yan rediyon nan gaggawa gare su. Mai aski kuwa ya gano inda ake dannawa a hana waya saita kanta, mutane suka yi layi a shagonsa yana daidaita musu wayoyi da agogon Yaya, kyauta, saboda Allah.

Ba-Wuya yana kallon duk wannan daga bayan gilashi, kansa na ƙara girma. Layi guda yana tashi yana zama da bugun zuciyarsa. Ya ɗan ji tausayin mai burodi, amma ya ce a ransa babu babban aikin da ba a yi asarar fulawa a kansa ba.

Ranar Laraba ya kulle kansa a shago yana gwada jawabin da zai yi wa baƙuwa. Duk sanda ya kai ƙarshe sai jawabin ya burge shi, ya jawo agogo baya da minti goma don ya sake ji. Sau uku ya burge shi. Ya rufe shago agogon taga na bayan duniya da minti hamsin, mai aski kuma ya bi wayoyin layin ya sake daidaita su, yana cewa kamfanonin waya sai addu'a.

Da safiyar Alhamis Ba-Wuya yana wanka yana rera waƙa, matarsa ta ɗauki wayarsa za ta goge masa ita. Ta ga ta saɓa da tata da kusan awa guda. Ta ce a ranta yau ce fa ranar da bawan Allah ya shekara uku yana jira, ga waya za ta ruɗe shi. Ta tuna yadda mai aski ya nuna mata, ta danna, ta daidaita masa ita da tata, wadda ke tafiya tsaf da agogon Yaya, ta mayar aljihun rigarsa. Ba ta ma faɗa masa ba, don ba ta son gori.

Ya sa rigarsa mafi kyau, ya rataya wani ƙyalle a wuya irin na masu zane, ya tafi shagon mai aski a can ƙarshen layi. Aka yi masa aski, aka gyara gemu, aka sake gyarawa. Ya duba waya ya ga sha ɗaya daidai. Ya ce a ƙara masa turare, babban mutum ba ya riga baƙonsa isa, minti biyar na jira yana ƙara wa aiki daraja.

Tun daga nesa ya hango taro a ƙofar shagon Yaya, ga wata farar mota a gefe. Farin ciki ya cika shi, ya rage sauri don a gan shi da kyau. Da ya matso sai ya ji ashe musu ake yi. Wata mata mai tabarau, riƙe da littafi, tana tsaye a tsakiya, layin gaba ɗaya ya yi mata ca.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, agogonki ne," mai burodi ke faɗi. "Irin na hannun nan ba su da tabbas."

"Malam, tun sha ɗaya nake tsaye a nan. Yanzu sha biyu saura minti biyar."

"Sha ɗaya da minti biyar," in ji Hedimasta, yana nuna taga da sandarsa. "Wannan agogon tun kafin ki gama makaranta yake aiki. Yau da safe ma yara sun zo min kusan awa guda kafin lokaci, na bar su a bakin ƙofa don su koyi tsari."

"Ga wayata, ga ta direbana."

"Ga namu," in ji tela, wayoyi kusan ashirin suka tashi sama. "Ke kaɗai da direbanki za ku fi mu gaskiya?"

Matar ta fara duban agogon hannunta da shakka. Da Ba-Wuya ya yi shiru, da layin ya ci nasara, wataƙila har ta ba shi haƙuri ta ƙara masa awa guda. Amma baki shi ke yanka wuya. Ya ga ana ta yabon agogo ba a ambaci mai fasaha ba, abin ya tsaya masa a rai. Ya kutsa tsakiya, ya hau kan bencin ƙofar shago, ya gyara ƙyallen wuyansa.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa. Abin da kike gani ɗin nan shi ne aikin. Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Tun ranar Talata agogon nan ba lokaci yake nuna muku ba, zuciyata yake nunawa. Ni nake tura shi gaba, ni nake jawo shi baya. Na 'yantar da ku kwana uku ba ku sani ba."

Ya tsaya yana jiran tafi.

"Burodina na Talata," in ji mai burodi a hankali. "Ɗanyen."

"Yunwa nake ji a lokacin."

"Ƙonannen fa?"

"Wannan ina cikin farin ciki."

"Na zagi tandata a gaban jama'a saboda farin cikinka."

Hedimasta ya matso. "Yara ɗari biyu na tsayar a rana yau da safe. Na rubuta wa iyayensu takardar gargaɗi. Da hannuna."

"Ni kuwa waya nawa na lalata?" in ji mai aski, wanda ya biyo shi da almakashi a hannu. "Har ta matarka."

"Kuma ni na gyara taka da safe," in ji matar Ba-Wuya daga bayan taro, muryarta a sanyaye. "Don kada ka makara."

Ba-Wuya ya ciro wayar ya dube ta, ya dubi agogon taga, ya ga bakinsu ɗaya. Baƙuwar ta rufe littafinta.

"Malam, saura minti uku cikin awar da na ba ka. Akwai abin da za ka nuna min?"

"Akwai, ranki ya daɗe, akwai. Minti uku ai a wurina ba komai ba ne, yanzu zan mayar da su talatin."

Ya diro daga benci, ya yi kokawa da kwaɗon ƙofa, ya faɗa ciki, jama'a na biye da shi. Masu agogo suka fara gane kayansu. Tela ya ga agogon bangon ɗakinsa da cokali a rataye, an rubuta masa "Awar Mai Ciwon Haƙori", ya tambaya wane ne mai ciwon haƙorin. Ba-Wuya bai saurare shi ba. Ya buɗe gilashin babban agogo, ya kama dogon hannun, ya murɗa shi baya da ƙarfi don baƙuwa ta ga yadda ake yi. Hannun ya zo kan sha biyu ya cije. Ya ƙara ƙarfi. Wani abu ya ce ƙas a ciki, sifirin da ke tafiyar da agogon ya warware da ƙara, lilon ya yi kaɗawa biyu ya tsaya. Dogon hannun kuma ya biyo shi, ya juyo yana riƙe da shi kamar buroshi.

"Tambayar da kake yi ba laifi," in ji baƙuwar. "Na daɗe ban ga mutane sun yi musu a kan lokaci da zuciya ɗaya haka ba. Amma agogon ba naka ba ne, burodin ba naka ba ne, safiyar yaran ma ba taka ba ce. Sai an jima."

"Ranki ya daɗe, ban fara jawabin ba."

"Na ji wanda ya ishe ni."

Farar motar na fita, tasi na shigowa. Yaya ya sauko da bandeji a ido ɗaya, matarsa na riƙe da hannunsa. Jama'a suka dare. Bai kai ƙofa ba ya tsaya, ya karkata kai yana saurare.

"Wa ya kashe min agogo?"

Mutum ashirin suka amsa a tare, kowa da nasa ƙorafin. Yaya ya saurara har suka gama. Ya miƙa hannu, Ba-Wuya ya ɗora masa hannun agogon a tafi. Ya shafa shi da yatsa, ya sa a aljihu.

"Likita ya ce kada in yi aikin ido sai bayan mako biyu," in ji shi. "Layin nan kuwa bai taɓa wuni ba lokaci ba, kuma ba zai fara a kaina ba. Malam, akwai tsohuwar ƙararrawa a makaranta?"

"Akwai," in ji Hedimasta. "Mai nauyi."

"A kawo."

Ya ciro agogon aljihunsa, wanda ya je asibiti da shi ya dawo lafiya, ya rataya wa ƙaninsa a wuya a kan ƙyallen masu zane. Ya ce daga bakwai na safe zuwa shida na yamma Ba-Wuya zai zauna a bencin nan, duk rabin awa ya kaɗa ƙararrawa ya faɗi lokaci da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji. Ba hira, ba gyangyaɗi, ba zuciya.

"Yaya, ai wannan ma wani sabon salon fasaha ne," in ji Ba-Wuya, yana neman inda zai ɓoye fuskarsa. "Mutum ya zama agogo. Ba a taɓa yi ba."

"To, ka zama na farko. Yanzu ƙarfe nawa?"

"Sha biyu da minti bakwai."

"Sai da rabi."

Kowa ya koma bakin aikinsa. Mai burodi ya jawo kujera ya zauna a ƙofarsa yana fuskantar benci, don kada a sake yi masa wasa da tanda. Ba-Wuya ya zauna da ƙararrawa a cinya, rana na dukan sabon askinsa. Ya tuna ɗakin baje kolin da ya wuce shi har abada, ya haɗiye baƙin ciki. Ya ƙirga motocin da suka wuce. Ya karanta duk allunan layin, waɗanda shi ya rubuta su, daga farko har ƙarshe, ya sake dawowa. Da ya tabbata rabin awa ta cika har ta gota, ya ɗaga agogon ya duba.

Sha biyu da minti goma sha ɗaya.

Ya kai shi kunne ya ji yana tafiya lafiya lau. Ya leƙa cikin shago a hankali.

"Yaya, anya agogon nan naka ba ya jinkiri?"

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Yaya daga ciki. "Zauna. Saura kwana goma sha huɗu."